Tsutsar Tsargiya da Binciken Ƙwayoyin Gadonta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke noma da ruwan Tiga, daga Bunkure zuwa Kura da Garun Malam, ko a fadamun Auyo da Haɗeja, ya san tsargiya tun yana yaro, ko a jikinsa ko a jikin abokan wasansa. Ni ma a bakin irin wannan ruwa na girma, kuma da na shiga aikin ɗakin gwaje-gwaje sai aikin ya riƙa mayar da ni makarantun firamare na karkara, inda muke karɓar fitsarin yara domin aunawa. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye da malaman makaranta da masu unguwanni suka fi yi mini, musamman idan suka ji an ce masana suna karanta ƙwayoyin gadon tsutsar, kuma ya dace a amsa su da Hausa tunda a ruwanmu tsutsar take.

Wace irin halitta ce take haddasa tsargiya?

Tsutsa ce daga dangin tsutsotsi masu shimfiɗaɗɗen jiki, dangi ɗaya da tsila mai zama a hanji, da kuma tsutsar nan mai kama da ganye da mahauta kan tarar a hantar saniya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851, amma cutar ta girmi zamaninsa da dubban shekaru, domin a 1910 an samu ƙwanta a ƙodar gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Iri biyu ne suka dame mu a wannan yanki. Schistosoma haematobium tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ita ce mai sa fitsarin jini, kuma da ita muka fi fama. Schistosoma mansoni kuwa a jijiyoyin hanji take zama, tana illata hanta, tana kumbura saifa. Tsawon babbar tsutsar santimita ɗaya ne zuwa biyu, namijin yana naɗe jikinsa ya yi kwarmi ya rungume macen a ciki, kuma a haka za su shafe shekaru a cikin jinin mutum, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum.

Shan ruwan ne yake kawo ta?

Ta fata take shiga. Idan mai cutar ya yi fitsari ko bahaya a cikin ruwa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito ya yi ta iyo yana neman katantanwar ruwa, irin ƙananan nan da ke maƙalewa a ciyawar bakin kududdufi da magudanan noman rani, kuma idan bai same ta cikin 'yan sa'o'i ba sai ya mutu. Idan ya same ta, shi kaɗai zai hayayyafa ya zama dubbai cikin mako huɗu zuwa shida, su fito cikin ruwa su huda fatar mai dashen shinkafa, ko mai wanki, ko masunci, ko yaron da ya faɗa wanka da tsakar rana. Wani masani mai suna Robert Leiper ne ya tabbatar da wannan zagaye a Masar a 1915. Abu biyu ya kamata a riƙe: tsutsar ba ta yawaita da kanta a jikin mutum, kowace guda daga ruwa ta shigo, sannan mafi yawan ɓarnar ƙwan ne yake yin ta, domin wani kaso nasa yana maƙalewa a bangon mafitsara ko a hanta, jiki ya yi ta yaƙi da shi har wurin ya zama tabo.

Mene ne ƙwayoyin gado, kuma me za a ƙaru da shi idan an karanta na tsutsa?

Manomi bai buƙatar a gaya masa cewa irin shinkafa yana ɗauke da halinsa: wani yana nuna da wuri, wani yana jure ruwa, kuma abin da aka shuka shi yake fitowa. Wannan hali a rubuce yake a cikin kowace ƙwayar halitta, a kan wani siririn zare da ake kira DNA, da haruffa huɗu kacal da ake ta maimaitawa. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda, wato sinadarin da ke gina jiki da tafiyar da ayyukansa, shi muke kira ƙwayar gado. Zaren a ɗaure yake dami-dami, kuma dukkan rubutun idan aka haɗa shi ne kundin gado. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wanda ya karanta kundin tsutsar zai san da me take numfasawa, da me take cin jini, da me take ɓuya daga garkuwar jikinmu, sannan ya nemi wurin da ta bambanta da mutum, domin a nan ne magani zai buge ta ba tare da ya taɓa mai ita ba.

An riga an karanta kundin? Me aka gani a ciki?

An karanta. A watan Yuli na 2009 mujallar Nature ta buga kundin mansoni, wanda cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila ta jagoranci aikinsa, tare da na japonicum mai addabar Sin da Filifin. Na mansoni ya kai haruffa kusan miliyan 363, da ƙwayoyin gado fiye da 11,800, alhali na ɗan Adam haruffa wajen biliyan uku ne da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Damman gadonta tagwaye takwas ne, kuma saɓanin mutum, a wurinta mace ce take ɗauke da dami biyu mabambanta da ke yanke jinsin ɗa. Daga cikin abin da kundin ya tona akwai cewa tsutsar ba ta iya haɗa wa kanta kitse tun daga tushe, dole sai ta tsotsa daga jinin mai ɗauke da ita.

Kundin haematobium bai fito ba sai 2012, kuma wannan jinkiri yana damuna, domin ita ce ta fi kama mutane a Afirka. Dalilin shi ne tana da wuyar reno a ɗakin gwaji: idan aka sa wa ɓera ita ba ta zuwa mafitsararsa kamar yadda take yi wa mutum, alhali mansoni tana zama lafiya a ɓera, shi ya sa mafi yawan abin da aka sani daga mansoni aka samo shi. Tsutsar da ke sa 'ya'yanmu fitsarin jini ita ce aka fi bari a baya wajen bincike.

Maganin da ake rabawa a makarantu, yaya yake kashe tsutsar?

Sunansa firazikwantel, kamfanonin Bayer da Merck na Jamus ne suka samar da shi a shekarun 1970. Ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, shi ya sa ake jingina yaro da sandar awo a duba tsayinsa kafin a ƙirga masa ƙwaya, kuma ana so ya ci abinci tukuna saboda maganin yana da ɗaci, yana iya tayar da zuciya da sa jiri. Kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da kyautar ƙwaya har miliyan 250 a shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin mamaki shi ne an yi kusan shekara arba'in ana shan maganin nan ba tare da an san takamaiman inda yake bugun tsutsar ba. An dai ga cewa da zarar ya taɓa ta sai ta ƙage, fatarta ta yi bororo ta fashe, ta saki jijiyar da take riƙe da ita, jini ya kwashe ta zuwa hanta inda garkuwar jiki ke ƙarasa ta. Sai a 2019 masana a Amurka, ƙarƙashin Jonathan Marchant, suka gano wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayoyin halittar tsutsar, wadda suka sa wa suna TRPM-PZQ. Maganin yana shiga wani ɗan gurbi a jikin ƙofar kamar mabuɗi a kwaɗo, ƙofar ta wage, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki babu ƙaƙƙautawa, tsokar tsutsar ta ɗaure. A 2021 aka ƙara tabbatar da haka ta hanyoyi biyu daban. Wannan binciken ya kuma warware wata tsohuwar tambaya, wato me ya sa firazikwantel yake kashe tsila da tsutsar tsargiya amma ba ya taɓa tsutsar hanta irin ta shanu. Amsar ita ce tubali ɗaya tak daga cikin waɗanda aka gina ƙofarta da su ya bambanta a gurbin, don haka mabuɗin ba ya zama.

Yarona ya sha maganin bara, bana jinin ya dawo. Maganin ya daina aiki ne?

Mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Maganin ba ya hana sake kamuwa, kuma yaron da ya warke a makaranta ya koma kududdufi bayan sati guda ya buɗe sabon shafi. Bayan haka, ba ya kashe ƙananan tsutsotsin da ba su wuce 'yan makonni da shiga jiki ba, sai su girma su fara zuba ƙwai bayan an sha shi.

Duk da haka tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ta fi hana masana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 250 ne suka buƙaci maganin a 2021, aƙalla kashi 90 cikin ɗari a Afirka, kuma Najeriya ce kan gaba. Dukkan wannan jama'a a kan magani ɗaya suka dogara. Mun ga yadda kulorakwin ya kasa da zazzaɓin cizon sauro, kuma a kan tsutsar nan ma an taɓa gani: wani magani mai suna okzamnikwin da aka yi amfani da shi a Burazil, an samu tsutsotsin da suka fi ƙarfinsa, kuma a 2013 aka gano cewa lalacewar ƙwayar gado guda ce ta jawo. Game da firazikwantel, masana a jihar Teksas ta Amurka sun reni tsutsotsin da maganin bai cika kashewa ba, da suka bi sawun wannan hali a kundin gado sai ya kai su dami na uku, daidai inda ƙwayar gadon ƙofar nan take. Ma'anar wannan a gare mu babba ce: yanzu an san layin da za a riƙa dubawa a kundin, ana iya ɗaukar ƙwai daga fitsarin yaran Kura ko Auyo a duba ko ƙofar ta fara canza siffa tun kafin maganin ya fara kasawa. A ganina wannan sa ido ya kamata ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da rabon maganin kowace shekara.

Tsutsar tana cikin jijiya, to ta ina ake samun ƙwayoyin gadonta?

Ta 'ya'yanta. Muna karɓar fitsarin tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. A zuƙi mililita goma da sirinji, a tura ta wata 'yar matata, a ɗora matatar a ƙarƙashin madubin likita. Ƙwan haematobium dogo ne da ɗan tsini a ƙarshensa, na mansoni kuwa, wanda ake nema a bahaya, tsininsa a gefe yake. Idan aka ƙirga ƙwai 50 ko fiye a wannan ɗan fitsari, cutar ta yi nauyi.

Daga nan sai a zuba ƙwan a ruwa mai tsabta a ajiye shi a haske. Ba na manta ranar da wani dattijo, mai unguwar ƙauyen da muke aiki, ya tsaya a kaina a ƙarƙashin darbejiyar makaranta ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa yarda da abin da ban gani ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, bismilla, sa idonka a nan." Ya sunkuya ya rufe ido ɗaya, daidai lokacin da ƙwai guda ya tsage, ɗan abin ciki ya kufce yana ta zirga-zirga a ɗigon ruwan. Ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago sai ya tambaya a hankali ko daga fitsarin jikansa ne. Irin wannan ɗan abu muke tsincewa ɗaya bayan ɗaya da siririn bututu, mu ɗiga kowanne a kan wata takarda ta musamman da ke busar da shi ta adana DNA ɗinsa ba tare da firji ba, abin da ya dace ƙwarai da wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas. Gidan adana kayan tarihin halittu na Landan yana da babbar taska ta irin waɗannan samfura daga ƙasashen Afirka.

Gaskiya ne tsutsar shanu tana haɗuwa da ta mutane?

Gaskiya ne, kuma binciken gado ne ya tona shi, domin da ido ba a iya rabe su da tabbaci. Shanu da tumaki da awaki suna da tasu, Schistosoma bovis, kuma sau da yawa katantanwa iri ɗaya suke shiga da ta mutum. A 2009 aka ba da rahoton samun ruwa-biyu a jikin yara a arewacin Senegal. Ana gane su ne ta duba alamomi biyu, ɗaya da ake gada daga uwa kaɗai, ɗaya daga uwa da uba, idan suka saɓa an san an yi auratayya. Kada a kwatanta su da alfadari, domin su suna haihuwa. A 2013 cutar ta ɓulla a kogin Cavu da ke tsibirin Kosika na Faransa, ta kama mutum fiye da ɗari, kuma da aka karanta gadon tsutsotsin sai aka ga danginsu a Senegal suke, har da ruwa-biyu a ciki. An samu irin wannan gauraye a Nijar da Mali da nan Najeriya ma.

A nan dole in ja hankali, domin na ji wasu sun fara ɗora laifin a kan makiyayan da ke shayar da shanu a tafkunanmu. Wani bincike na 2019 da ya karanta wani ɓangare na kundin tsutsotsin Nijar da na Zanzibar ya nuna cewa na Nijar suna ɗauke da kashi uku zuwa takwas cikin ɗari na gadon tsutsar shanu, amma auratayyar tsohuwa ce, ta faru zuriya ɗari ko ɗaruruwa da suka wuce, sannan 'ya'yan suka ci gaba da yawo tsakanin mutum da mutum. Ganin alamar tsutsar shanu a fitsarin yaro ba hujja ba ce cewa daga saniyar da ta sha ruwa jiya ya ɗauka. Fitsarinmu da bahayarmu su ne babbar hanyar da ƙwan yake komawa ruwa.

Akwai gwajin da ya fi madubin likita?

Akwai gwaje-gwajen da ke neman DNA ɗin tsutsar kai tsaye a fitsari, ta hanyar ninka wani yanki da ya maimaitu sau da yawa a kundinta, kuma suna kama cutar ko da ƙwan ya yi ƙarancin da madubi zai tsallake shi. Haka ake gwada katantanwa a san wane mashigin ruwa ne yake da haɗari. Tsada da buƙatar kayan aiki ne suka hana su zuwa asibitocin karkara, shi ya sa ake ƙoƙarin samar da masu sauƙi da ba sa buƙatar babbar na'ura.

Me ya sa masana suka damu da zaman namiji da macen tsutsar?

Saboda macen ba ta balaga sai tana rungume a jikin namiji, kuma idan aka raba su sai ta tsuke ta daina ƙwai. An daɗe da sanin haka, amma sai a 2022 ɗakin binciken wani masani mai suna James Collins a birnin Dalas na Amurka ya gano ɗan sinadarin da namijin yake fitarwa idan ya ji macen a jikinsa, wanda shi ke tayar da mahaifarta. Tunda ƙwan ne yake cutarwa, kuma shi yake yaɗa cutar, maganin da zai toshe wannan saƙo zai yi aiki biyu a lokaci guda. Wannan ɗakin binciken ne kuma a 2020 ya kashe ƙwayoyin gado fiye da 2,000 ɗaya bayan ɗaya domin ganin waɗanda tsutsar ba ta rayuwa sai da su, kuma daga irin wannan jeri ake zaɓar wuraren bugu na sababbin magunguna.

Yara biyu suna wanka a ruwa ɗaya, ɗaya ya fi jigata. Gado ne?

Gadon mutum yana da hannu. A 1996 wani bincike a kan iyalai a Burazil ya gano wani yanki a dami na biyar na kundin ɗan Adam da ke da alaƙa da yawan tsutsar da mutum kan ɗauka. Sai dai yawan shiga ruwa da shekarun yaro suna da nasu babban tasiri, kuma babu gidan da za a ce ya gaji kariya.

A nan nake so in yi magana a kan abin da na taso ina ji, cewa fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji ne. Wannan jini daga gyambon mafitsara yake fitowa. Yana jawo ƙarancin jini, yana hana yaro girma da fahimtar karatu, yana iya toshe hanyar fitsari ya lalata ƙoda, kuma tun 1994 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa haematobium a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin mafitsara. Mata kuwa ƙwan yana zama a al'aura da bakin mahaifa, ya sa ƙaiƙayi da zubar ruwa da jini, a yi ta ba su maganin sanyi ba sauƙi, wata ma a zarge ta da abin da ba ta aikata ba. Matar da take wanki ko aikin shinkafa a ruwa kuma tana da irin waɗannan alamu, ya kamata ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya maganar ruwan.

Yaushe za a samu allurar rigakafi? Ƙananan yara fa?

Har yanzu babu wadda aka amince da ita. An gwada wata mai suna Bilhvax a kan yara a Senegal har mataki na uku na gwaji, ba ta ba da kariyar da ake nema ba, kuma akwai wasu da ake kan gwadawa a jikin mutane, irin su Sm14 ta Burazil da Sm-p80. Ga ƙananan yara kuwa an samu ci gaba na zahiri: a watan Disamba na 2023 hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da arfirazikwantel, 'yar ƙwaya mai narkewa, mai rangwamen ɗaci, domin yara daga wata uku zuwa shekara shida, waɗanda rabon makaranta yake tsallakewa alhali tun suna goye ake yi musu wanka da ruwan magudana.

Idan masu bincike suka zo ƙauyenmu neman fitsarin yara, me ya kamata mu tambaye su?

Ku nemi su nuna takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da ta hukumar lafiya, su yi muku bayani da Hausa a gaban mai gari, kuma ku sani cewa kowane uba ko uwa na da damar ƙi ba tare da an hana ɗansu magani ba. Ku tambaya ko gadon tsutsa kaɗai za a karanta ko har da na yaron, domin izinin ɗaya ba ya wadatar wa ɗaya. Ku tambaya ina za a kai samfurin, wa zai ajiye shi, kuma ku tabbatar duk yaron da aka samu da ƙwai an ba shi magani kafin ayarin ya tashi.

Na taɓa komawa wani ƙauye inda mutane suka ƙi ba mu ko kwalba ɗaya, kuma da na zauna da dattawan sai suka ce wasu sun zo shekarun baya sun karɓi fitsarin 'ya'yansu, daga ranar ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Ban ga laifinsu ba. Sai da muka tsayar da ranar da za mu dawo da sakamako, aka rubuta ta a littafin makaranta a gaban hedimasta, sannan iyaye suka saki yaransu. Ku ma ku nemi a tsayar muku da irin wannan rana, a gaya muku yara nawa aka samu da cutar, da kuma wane mashigin ruwa ne katantanwarsa take ɗauke da tsutsar, domin ku san inda za ku fara cire ciyawa da inda za ku hana yara wanka.